Ciwon Kafaɗa Bayan Fiɗar Matsarmama

A makon jiya na je duba wani dattijo maƙwabcinmu a Anguwar Rogo, nan Jos, wanda aka cire wa matsarmama saboda tsakuwa da ta taru a cikinta. Na tarar da shi dafe da kafaɗar dama. Ya ce mini, "Ɗana, ciki aka yi wa aiki, me ya kai ciwo kafaɗa?" Babban ɗansa kuwa har ya ɗauki makullin babur, zai tafi Taminus neman Tramadol.

To, jama'a, ga yadda abin yake. A irin wannan fiɗa, wadda wani likitan Jamus mai suna Erich Mühe ya fara yi a 1985, ba a tsaga ciki. Huda uku ko huɗu ake yi ƙanana, a hura iska domin cikin ya buɗe, sa'an nan a zura na'urar gani. Ragowar iskar nan ita ke taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, jijiyar wurin kuwa tushenta ɗaya da ta kafaɗa. Cikin 'yan kwanaki abin kan wuce, ɗan tattaki a tsakar gida ma yakan rage shi.

Galibi farasitamol likita kan rubuta, a haɗa da ibuprofen bayan an ci abinci, in dai babu gyambon ciki ko ciwon ƙoda. A kwanakin farko a sha a kan lokaci, kada a jira sai zafi ya kai intaha. Amma akwai iyaka: baligi kada ya wuce giram 4 na farasitamol cikin awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500. A nan ne sanyin Jos ke yi mana tarko, domin magungunan mura da yawa suna ɗauke da farasitamol a ciki, sai mutum ya ninka bai sani ba, hanta ta sha wahala.

Tramadol kuwa sai da hannun likita, na ɗan lokaci kaɗan. Yana sa gyangyaɗi da taurin bayan gida, ga shi da saurin kama mutum. Ba mu manta ba, a 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi saboda ɓarnar da ya yi wa matasa. Abin da ya fi damuna shi ne ƙwaya mai ƙarfi takan rufe ciwon da ya kamata a ji. Idan zafin ciki na ƙaruwa, ko zazzaɓi ya zo, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ido ya yi ɗorawa, mai yiwuwa ruwan ɗaci ne ke yoyo ko tsakuwa ta toshe hanya. Wannan sai komawa asibiti nan take.

Yaron dai ya ajiye makulli. Muka ɗauko takardar likita, muka rubuta lokutan shan magani a jikin kalandar ɗakin. Shekaranjiya na hango dattijon ya fito sallar La'asar da ƙafarsa.