TIYATAR ƘARA GIRMAN MAMA: TAMBAYAR DA ƊAN KASUWA YA TSALLAKE

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam Ya kyautata surarsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, muna neman afuwar mai karatu saboda batun da za mu taɓo, domin batu ne da kunya kan hana a ambata a bainar jama'a. Sai dai kunya ba ta hana neman sanin hukunci, kuma masu tallar wannan haja ba su ji kunyar shigowa da ita cikin wayoyin matanmu da 'ya'yanmu ba. Asibitocin kwalliya na Amurka da Turai da Turkiyya sun cika intanet da jagora iri-iri a kan yadda mace za ta zaɓi girma da nau'in jakar da za a dasa mata cikin mama. Duk wanda ya karanta irin wannan jagora zai ga abu ɗaya: ana fara magana ne daga "wane girma kike so", kamar dai an riga an gama yanke cewa akwai ciwon da ake neman magani. To, wa ya yanke? Wannan ita ce tambayar da aka tsallake da gangan, kuma a kanta hukuncin Shari'a ya rataya.

Bari mu fara bayyana abin da ake sa mace ta zaɓa, domin hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa. Jaka ce ta robar silikon, ana cika ta ko dai da ruwan gishiri ko da silikon mai kauri kamar kamu. Ana auna girmanta da si-si, mafi yawan abin da ake dasawa kuwa yana tsakanin si-si 300 zuwa 400 a kowane ɓangare, wato kusan abin da ke cikin kwalbar lemo guda. Akwai mai santsin baya, akwai mai kaushi. Akwai kewayayya, akwai mai siffar ɗigon ruwa. Likita yana tsagawa ta ƙarƙashin mama, ko ta gefen baƙin kan mama, ko ta hammata, sa'an nan ya cusa jakar a saman tsokar ƙirji ko a ƙarƙashinta. Har akwai masu ba da shawarar mace ta auna shinkafa a cikin safa ta cusa a rigar mama, ta tsaya gaban madubi ta ga wadda ta fi burge ta. Subhanallah! Da haka ake yanke shawarar aikin da za a sa mutum barci a yanka namansa. Kowane zaɓi daga cikin waɗannan kuwa yana ɗauke da nasa sharrin: ta ruwan gishiri idan ta fashe sai ta saɓe nan take, kuma takan yi tamoji ƙarƙashin fata, ta silikon takan tsage shiru ba tare da mai ita ta sani ba, gwargwadon girman jaka gwargwadon yadda nauyinta ke jan fata yana sirantar da nama. Ana kiran wannan 'yancin zaɓi, alhali kuwa zaɓi ne tsakanin cuta da cuta ga wadda ta shigo lafiya lau.

Tarihin wannan sana'a shi kansa hujja ne a kanta. A shekarar 1962 wasu likitoci biyu a birnin Hustan na jihar Teksas, Thomas Cronin da Frank Gerow, suka fara dasa jakar silikon a jikin mace, bayan sun gwada ta a jikin karya. Matar da aka fara da ita, mai 'ya'ya shida, ta je asibiti ne domin a goge mata zanen da ke ƙirjinta, sai aka yi mata tayin gwajin. Ka ga tun ranar farko haja ce ta fita neman mai saye. Shekara 30 ana dasa ta cikin jikin mata ba tare da an gabatar da cikakkiyar shaidar amincinta ba, sai a 1992 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta dakatar da amfani da mai silikon don kwalliya. Kamfanin Dow Corning, wanda ya ƙera ta farko, ƙararraki suka yi masa yawa har ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 1995. Adalci ya wajabta mana mu faɗa cewa binciken da ya biyo baya bai tabbatar da wasu daga cikin cututtukan da aka jingina wa silikon a lokacin ba, kuma a 2006 hukumar ta sake ba da izini. Amma mai karatu ya dubi abin da ya biyo bayan izinin.

A Faransa, a 2010, asirin kamfanin PIP ya tonu: shekaru yana cika jakunkunansa da silikon na masana'antu wanda ba a amince a sa shi a jikin mutum ba, saboda ya fi arha. An ƙiyasta mata kimanin 300,000 a ƙasashe 65 suna ɗauke da su. A ƙarshen 2011 gwamnatin Faransa ta shawarci matan ƙasar su je a cire musu, a 2013 kuma kotu a Marsai ta yanke wa mai kamfanin, Jean-Claude Mas, ɗaurin shekara 4. Kowace ɗaya daga cikin matan nan ta zauna gaban likita, ta zaɓi girma, ta zaɓi siffa, ta tashi tana ganin ta yi zaɓi na ilimi. Me zaɓin nata ya tsinana mata, tunda abin da ke cikin jakar ba ta da hanyar saninsa?

Sai kuma mai kaushin baya, wadda aka daɗe ana yabo da cewa ta fi zama daram kuma jiki bai cika taurarewa a kanta ba. Tun 2011 hukumar ta Amurka ta fara gargaɗi a kan wani nau'in sankara na ƙwayoyin garkuwar jiki da ke tsirowa a cikin tabon da ya kewaye jakar. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin jerin cututtukan da ta sani. A watan Yulin 2019 kamfanin Allergan ya janye nasa masu kaushi samfurin Biocell daga kasuwannin duniya. A lokacin an ƙirga mata 573 da suka kamu, 33 sun rasu. Na'am, cutar ba ta da yawa idan aka gwama da adadin masu ɗauke da jakar. To amma wace riba aka saya da wannan kasada? A 2021 hukumar ta wajabta a rubuta gargaɗi mafi tsanani a kan kowace jaka, a kuma karanta wa mace jerin haɗurran ta sa hannu kafin a taɓa ta. Daga cikin abin da hukumar ke faɗa ƙarara har da cewa jakar ba ta zaman har abada ba ce, kuma tun a 2011 ta bayyana cewa kusan ɗaya cikin biyar na masu yi don kwalliya sai an cire musu cikin shekara 8 zuwa 10. Mai ɗauke da ta silikon ana son ta yi hoton ƙirji bayan shekara 5 ko 6, sa'an nan duk bayan shekara 2 ko 3, don a duba ko ta tsage. Ga taurarewar tabo mai sa mama ya yi tauri yana zogi, ga mutuwar ji a kan mama, ga jakar tana kare wani sashe na nama a hoton binciken sankara, ga wasu da shayarwa kan yi musu wuya. Wadda ta shiga ɗakin tiyata sau ɗaya ta ɗaura wa kanta alkawarin komawa. Wadda kuma ta hau jirgi zuwa Istanbul aka yi mata aiki ta dawo bayan mako guda, wa zai duba ta bayan shekara bakwai?

Yanzu sai mu zo ga hukunci. Allah Ya ba mu labari a Suratun Nisa'i, aya ta 119, cewa daga cikin alwashin da Shaiɗan ya sha har da umartar 'yan Adam su canza halittar Allah. A cikin Bukhari da Muslim, Abdullahi ɗan Mas'ud (R.A.) ya ruwaito tsinuwa a kan masu zanen jiki da masu tsige gira da masu yin wushirya don neman kyau. Malamai sun tsaya a kan wannan ƙaidi na neman kyau. Imam Nawawi ya bayyana cewa da mace za ta bukaci a gyara haƙorinta saboda magani ko wani aibi, babu laifi. A ɗaya ɓangaren ga ƙissar Arfajatu ɗan As'ad (R.A.), wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Manzon Allah (S.A.W.) ya umarce shi ya sa na zinariya, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Zinariya haramun ce ga namiji, amma an halatta masa ita don mayar da abin da ya rasa. Daga waɗannan nassoshi fuƙaha'u suka fitar da iyaka: gusar da aibi da mayar da gaɓa yadda take halal ne, neman ƙari a kan lafiyayyar halitta haramun ne. Idan 'yar tazarar da ake gogewa tsakanin haƙora biyu ta jawo tsinuwa, ina ga tsaga ƙirji a cusa baƙon abu mai nauyin kwalbar lemo?

A kan wannan iyaka Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tsaya a zamanta na 18 a Putrajaya ta Malesiya a 2007. Ta halatta sake gina mama ga wadda aka yanke wa, da gyara shi idan girmansa ko ƙanƙantarsa ya kai ga rashin lafiya, ta kuma hana tiyatar da manufarta canza daidaitacciyar halitta don bin son zuciya da kwaikwayon wasu. A nan muna jan kunnen wasu masu wa'azi da kan ji kalmar tiyatar kwalliya su yi mata kuɗin goro. 'Yar'uwar da sankarar mama ta sa aka cire mata ɓangare guda, ko wadda wuta ta ƙona, ko wadda aka haifa ɓangare ɗaya bai fito ba, hukuncinta hukuncin Arfajatu ne. Ita ce ke da haƙƙin zama da amintacciyar likita su tattauna girma da nau'i, ma'auninta kuwa a fili yake: abin da zai daidaita da halittarta ta asali, kuma mafi ƙarancin haɗari gwargwadon sanin likitoci a yau. Wanda ya haramta mata wannan ya ƙuntata abin da Allah Ya yalwata, ya kuma ƙara mata ciwo a kan ciwo. Mata da yawa a ƙasarmu suna ƙin zuwa asibiti da ƙullutu a mama don tsoron yanka har sai abin ya gagara. Fatawar ganganci tana ƙara wannan tsoro, kuma rai ake asara.

Saura shubuhar da ta fi kowace yawo: "Mijina ne yake so, kuma ai yi wa miji ado ibada ne." Wannan an amsa ta tun a Madina. Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha (R.A.) cewa wata mata daga Ansar ta aurar da 'yarta, gashin yarinyar ya zube, ta zo ta ce mijin ya umarce ta ta yi mata ƙarin gashi, Manzon Allah (S.A.W.) ya hana. Bukhari ya kawo hadisin ne a babin da ya ware don nuna cewa mace ba ta yi wa mijinta biyayya cikin saɓo. Ga amarya, ga lalurar gashi, ga umarnin miji, duk da haka ba a ba da izini ba, alhali ƙarin gashi ba ya bukatar wuƙa, ba ya bukatar buɗe al'aura gaban ajnabi, ba ya cin dukiya mai yawa.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu maza, kaso mai tsoka na wannan laifi a wuyanmu yake. Mace ba ta kwana ta tashi haka kawai ta tsani jikinta. Ta ɗauki ciki, ta haihu, ta shayar shekara biyu kamar yadda Suratul Baƙara ta kwaɗaitar, ta maimaita haka sau huɗu ko sau biyar, jikinta ya nuna alamar hidimar da ya yi. Sai maigida, wanda ya saki idonsa yana kiwo a hotunan waya da aka gyara da kwamfuta, ya dawo gida yana yi mata ba'a, ko yana yi mata barazana da kishiya. Daga nan take fara bin masu tallar mayuka da ƙwayoyin da ba a san abin da ke cikinsu ba, mai hali kuma ta fara tambayar kuɗin jirgi. Umarnin runtse ido da ke Suratun Nur da maza aka fara shi kafin mata, kuma da an kiyaye shi da kasuwar nan ta rasa masu saye da yawa. Wanda ya aibanta maman da ya shayar da 'ya'yansa, ya tuna cewa shi ma irinsa ya sha, kuma a gaban Allah zai amsa tambaya a kan kowace kalma da ta tura matarsa ƙarƙashin wuƙa.

Ga wadda ta riga ta yi cikin rashin sani, ƙofar tuba a buɗe take, kuma ba mu ce ta ruga a cire ba tare da shawarar likita ba, domin cirewar ita ma tiyata ce mai nata haɗari, Shari'a kuwa ba ta gusar da cuta da cutar da ta fi ta. Ta nemi takardar da ke ɗauke da sunan kamfani da samfurin abin da aka dasa mata, ta san ko mai santsi ce ko mai kaushi, ta riƙa yin hoton da aka ambata a kan lokaci. Idan kuwa ta ga kumburi a ɓangare guda, ko ƙullutu, ko tauri da zogi, ko da bayan shekaru masu yawa ne, to kada ta kwana ba ta je asibiti ba.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.