Ɗaukar Hoto Daban, Adana Shi Daban

Littafin Tazyin al-Waraƙat, wanda Malam Abdullahin Gwandu ya rubuta a 1813, yana nan har yau saboda almajirai sun yi ta kwafarsa. Hotunan sunan da aka ɗauka bara a garin kuwa, satar waya ɗaya ta isa ta shafe su. Masu cewa kyamarar waya ta gama adana tarihin iyali yaudarar kansu suke yi. Bugun shinkafar manomin Kalgo da tatatar ɗansa duk suna kan katin memori guda, ba kwafi ko ɗaya. A wanke hoto goma kowace shekara, a rubuta sunaye da kwanan wata a bayansu, sauran a kwafe su wuri biyu. Jikoki za su tambaya.