Nahawun Ingilishi ba na ƴan lakkwal kaɗai ba ne

Ƴan uwa ƴan kasuwa, Alhazai da Hajiyoyi, da yawa daga cikinku idan aka yi zancen nahawun Ingilishi sai su ce wannan aikin ƴan lakkwal ne, mu dai wanda za mu taya kaya mu ƙirga kuɗi da shi ya ishe mu. A Kantin Kwari ko Dawanau suna da gaskiya, tunda Hausa ke ciniki a Kano. Amma mai kai albasar Galmi ƙasar Gana, da mai sayo yadi da wayoyi a Dubai ko ƙasar Sin, sun san in an gama magana da baki takarda ke biyowa, ita kuwa takarda ba ta jin buroka.

Ga misali. Abokin cinikinka ya rubuto maka "we have shipped", ma'ana an riga an loda kaya. In ya ce "we will ship", alkawari ne, za a loda. In kuwa ya ce "we would ship", to akwai sharaɗi a ɓoye, kamar Bahaushe ya ce "da mun loda". Kalma guda ce ta bambanta su, amma wanda "ship" kawai ya gane sai ya aika cikon kuɗi alhali kaya na nan cikin sito. Haka "may" da "must": ta farko in an ga dama, ta biyu dole. Haka kuma in aka rubuta "the goods were damaged", an ce kaya sun lalace amma ba a faɗi wanda ya lalata su ba, kuma a nan rigimar wa zai biya take farawa. Wannan shi ne babban nahawu, kuma dukiyarku ce a cikinsa.

To me ya sa yaranmu ba su iya shi? A Nijar ana fara Ingilishi tun ajin farko na kwaleji: shekara 4 kafin BEPC, shekara 3 a lise. Amma sau da yawa yaro ya yi shekara 7 ɗin nan, mahaifiyarsa ta miƙa masa saƙon dillali ya kasa fassarawa. A ganina laifin yana ga hanyar koyarwa. Ana bayanin dokokin Ingilishi da Faransanci ga yaron da ke tunani da Hausa, a ba shi jerin kalmomi ya haddace don jarrabawa, ya fito ya manta.

Alhali Hausa na da maganin abin. Duk yaron Maraɗi ko Damagaram ya san bambancin "in ka biya zan kawo" da "da ka biya da na kawo". Ya san abin da ake nufi idan aka ce "an fasa tulu" don a rufa wa wani asiri. Malamin da ya fara daga nan, sannan ya kawo takardar odar kaya ko ta banki a karanta cikin aji, ya rage wa ɗalibi rabin wahala.

Wani zai ce ai waya na fassara. Tana yi, amma in ta yi kuskure wa zai gane? Wanda bai san hanya ba, ba ya sanin direba ya ɓata.

A watan Maris na 2025 sabuwar dokar ƙasa ta sanya Hausa harshen ƙasa, ta kuma sanya Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. Ke nan haɗa Hausa da Ingilishi cikin aji ba abin kunya ba ne.

Saboda haka, ku iyaye, a taron iyayen yara ku tambayi malamai ko ɗanku zai iya karanta yarjejeniyar ciniki, kada ku tsaya ga makin jarrabawa. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa su haɗa kuɗi su ɗauki malami don darasin dare, a ware wa mata lokacin da ya dace da su, kowa ya zo da takardunsa na gaske a koya da su. Kuɗin malami na shekara bai kai asarar kwantena guda ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.