Shaida Tsiron Hanta Sai da Ganin Ido

Daga cikin ƙananan halittun da Allah Ya shimfiɗa a kan damshin ƙasa da gindin katanga da duwatsun bakin rafi, akwai wani jinsi marar fure, marar saiwa ta haƙiƙa, wanda masana ke kira tsiron hanta, jama'a kuwa suke haɗa shi da sauran kore su ce duka gansakuka ne, alhali nau'o'insa dubbai ne, kowanne da alamominsa.

Mafi shahara a littattafan makaranta shi ne Marchantia polymorpha, wanda Linnaeus, masanin ƙasar Suwidin, ya tabbatar wa suna a 1753. Jikinsa shimfiɗaɗɗe ne mai rabuwa biyu-biyu, a bayansa kuma akwai 'yan ƙoƙuna zagayayyu masu haƙora a baki, cike da ƙwayoyin da ɗigon ruwan sama ke fantsamarwa su zama sababbin tsirrai. Amma wanda ya ga ƙoƙo ya yanke hukunci nan take, haƙiƙa ya yi gaggawa irin ta alƙalin da ya wadatu da shaida guda, domin Lunularia cruciata ma tana da ƙoƙo, sai dai nata siffar jinjirin wata gare shi, Conocephalum kuwa ba shi da ko ɗaya, da manyan zanen bayansa da ƙamshinsa in an murje shi ake gane shi.

Saboda haka nake ganin babu maslaha a al'adar da malamai suka ɗauka ta sa ɗalibi haddace zane daga allo, ya ci jarrabawa da shi, bai taɓa durƙusawa da gilashin ƙara girma ya dubi rayayyen tsiro ba. Wasu alamomin ma busasshen samfuri ba ya riƙe su, kamar ɗigon man da ke cikin ƙwayoyin jikin yawancinsu, wanda kan ɓace idan tsiron ya bushe. Ga shi kuma a ƙasashenmu masu dogon rani jinsin Riccia kan fito da'ira-da'ira a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa da damina, ba ƙoƙo, ba kara, har tahaƙiƙin nau'insa yakan buƙaci duban ƙwayoyin irinsa a madubin kimiyya. Littafin E. W. Jones kan irin waɗannan tsirrai na Afirka ta Yamma ya fito tun 2004; ya kamata sassan nazarin tsirrai na jami'o'inmu su riƙa fita da shi daji tare da ɗalibai a watan Agusta.