Hoton Gona Daga Sama Ya Kamata Ya Iso Hannun Mai Gona

Kowane kwana 5, da hantsi, ana ɗaukar hoton gonar kowane manomi na ƙasar Birnin Kudu da ta Gwaram, shi kuwa yana can duƙe da fartanya bai sani ba. Mai ɗaukar hoton ba mutum ba ne. Wata na'ura ce da ake kira tauraron ɗan Adam, tana kewaya duniya can sama, nisan kusan mil 500. Turawan Turai ne suka harba ta, suka sa mata suna Sentinel-2, ta fari a 2015, ta biyu a 2017. Kafin su Amurka ta harba nata, mai suna Landsat, tun 1972, shi kuwa kowane ɗayansa ya kan komo kan wuri bayan kwana 16. Tun 2008 aka daina sayar da hotunan Landsat, na Sentinel kuwa dama kyauta ne. Watau duk wanda ya ke da intanet mai ƙarfi, ko a Landan ya ke ko a Ikko, yana iya duban fadamar Kila ko dajin Farin Dutse ya ga yadda su ke a makon jiya, ya kuma ga yadda su ke shekara 30 da suka wuce. Wanda bai gani ba shi ne mai gonar, da dagacinsa, da malamin gonarsa.

To, wannan shi ne abin da ya kamata a gyara.

Sai a fara da abin da hoton ke nunawa, don kada a ɗauka tatsuniya ce. A hoton Sentinel, kowane ɗigo ɗaya fili ne mai mita 10 a tsaye, mita 10 a kwance. Gona mai eka ɗaya ta kan fito kamar ɗigo 40. Ba a ganin mutum, ba a ganin akuya, amma ana ganin ruwa inda ya kwanta, da yashi inda ya rufe gona, da kwazazzabo in ya yi girma, da daji inda aka sassabe shi. Har wa yau na'urar tana ganin wani haske da idon mutum ba ya gani. Ganye mai lafiya ya kan mai da wannan haske sama da yawa, ganyen da ƙishirwa ta kama kuwa kaɗan ya ke mayarwa. Da haka masana ke gane inda shuka ta tsaya tun ba a kai ga girbi ba.

Abu na fari da wannan zai amfana shi ne sha'anin ruwa. Kogin Bunga, wanda ya ratsa ƙasar Gwaram, daga tuddan Jos ya taso, ya bi ta ƙasar Bauchi, can gaba a kira shi kogin Jama'are. Saboda haka ruwan da ke cinye shinkafar mutumin Gwaram ba lalle a kansa aka yi shi ba. Sai gari ya waye sarai, ba hadari, kogi ya kawo. Mutanen wurin ba su manta da watan Agusta na 2021 ba, sa'ad da ruwa ya karya gada a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, matafiya suka afka ciki, mutum 21 suka rasu. Allah ya jiƙansu. A 2022 kuma ambaliya ta yi wa Jihar Jigawa ɓarnar da aka daɗe ba a ga irinta ba. Ba wanda zai ce hoto ne zai tare kogi, ko shi ne zai riƙe gada. Amma in aka jera hotunan shekara da shekaru, sai a ga wuraren da ruwa ke kwanciya kowace damina, da waɗanda ba ya kai wa sai shekarar babban ruwa, da inda kogi ya bar tsohuwar hanyarsa ya fara cin gaɓa. Akwai ma wani shiri mai suna Digital Earth Africa, wanda aka kafa a 2019, da ya riga ya tara irin wannan taswirar ruwa ta Afirka duka, daga hotunan Landsat na tun shekarun 1980. Mai son ya gina rumbu, ko ya zuba takin da ya ci bashi ya saya, ko injiniyan da zai sa kwalbati, ai gara ya ga taswirar nan tukuna.

Abu na biyu itatuwa. Tsofaffi sun ce ɗorawa da kaɗanya da tsamiya sun ragu, masu gawayi sun ce ba su ne suka ƙarar ba, ma'aikatan daji suna da tasu maganar. Kowa da gaskiyarsa a bakinsa. Hoto ba ya jin kunyar kowa. Kuma kada manomi ya zaci kullum shi hoton zai kayar. A ƙasar Maraɗi da Damagaram an daɗe ana cewa talakawa sun cinye daji, hamada na tafe. Da masana suka ɗauko hotunan jirgin sama na 1975 suka gwada da na tauraro na wajen 2005, sai ga itatuwa sun ƙaru cikin gonaki, ba raguwa suka yi ba. Ashe manoma ne suka riƙa barin tohon kututture lokacin sassabe suna renonsa, abin da su ke kira sassaben zamani. Aka ƙiyasta filin ya kai hekta miliyan 5, itatuwan kuwa wajen miliyan 200. Da ba don hoton ba, da har yau ana zaginsu a kan aikin da ya kamata a yaba musu.

Abu na uku shi ne mai zafi, watau burtali da makiyaya da mashaya. Ƙasar nan ta shanu ce tun ba a san tarihi ba. Ga shaida a duwatsun Birnin Kudu, a Dutsen Mesa da Dutsen Habude, inda mutanen da suka zana shanu a jikin dutse, waɗansu ma ba su da tozo, irin da ba a kiwo a wurin yanzu. A 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya. Amma jama'a ta yi yawa, taki ya yi tsada, mai gona a bakin burtali ya kan ƙara kunya ɗaya bana, ɗaya baɗi, har hanyar da garke ke bi a sake ta koma ta ƙafa. Ran da shanu suka faɗa wa wake sai a ɗauko sanda da gatari. In aka je gaban hakimi, Bafillace ya ce nan burtali ne tun kakansa, manomi ya ce nan ubansa ya noma. Burtali mai faɗi ya kan fito a hoto, musamman da damina, sa'ad da gonaki suka yi kore. Hoton 1990 da na bana, a ajiye su gaban dattawan ɓangare biyu, ya fi rantsuwar shaidu goma sanyaya rai.

To, me ya hana? Ba tsadar hoto ba ce, tun da kyauta ne. Nauyinsa ne. Hoton Sentinel guda, wanda ya rufe fili kamar kilomita 100 kowane gefe, ya kan kai kusan giga ɗaya. A layin da ke tafiyar hawainiya sai ya ci fiye da sa'a 2, in bai yanke a tsakiya ba. A layi mai ƙarfi kuwa minti 2 ya isa. Mai bincike ba hoto ɗaya ya ke so ba, na shekara guda kaɗai sun fi 70. Manyan wayoyin da ke kawo intanet ta ƙarƙashin teku a Ikko suka sauka, MainOne da Glo-1 suka fara aiki a 2010, Equiano ta iso a 2022, kuma ƙarfin ya kan ragu in ana yin Arewa, ya ƙara raguwa in an bar babban titi. A 2014 aka buɗe wani layi na musamman mai haɗa jami'o'in tarayya don masu bincike su riƙa aika wa juna aiki. Nijeriya ma tana da hukumar sararin sama tun 1999, ta harba tauraronta na fari, NigeriaSat-1, a 2003, waɗansu biyu a 2011, ga kuma cibiyar karanta irin waɗannan hotuna a Jos. Duk an gode. Amma abin ya tsaya tsakanin masana da masana. Ɗalibi ya rubuta littafin digiri a kan yadda dajin kudancin Jigawa ya ragu, a ba shi shaida, littafin ya kwanta a kanta, da Turanci, ƙura ta rufe shi.

Ba a ce a ja waya zuwa kowace unguwa ba. Wannan magana ce ta masu neman ƙuri'a. Abin da ake bukata ƙarami ne: layi ɗaya mai ƙarfi a ofishin gona na Birnin Kudu, ɗaya a na Gwaram, da kwamfuta, da wutar sola, da malamin gona biyu ko uku da aka koya wa karatun hoto. Inda wayar ƙasa ba ta kai ba, tun 2023 ana samun intanet ta tauraro a Nijeriya, ko da ya ke da tsada. Aikin mai nauyi ma ba lalle a yi shi nan ba. Malaman Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, suna iya tace hotunan su aiko da taswira marar nauyi, mai sunayen garuruwa da Hausa. Daga ofis sai ta bi WhatsApp zuwa wayar dagaci, a kuma buga ta a babbar takarda a manna a ƙofar hakimi da kasuwar Sara. Hukumar aikin gona ta jiha, JARDA, tana da malamai a ƙauyuka tun tuni. Kuɗin ma akwai inda za a nema, gama shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 a kan dala miliyan 700 don jihohin Arewa 19 da Abuja, dama don gyaran ƙasa da ruwa aka yi shi. Sai dai a tuna, sayen inji ba wuya, kuɗin wata-wata shi ne wuya. An sha ganin kwamfuta lulluɓe da ƙyalle a ofis, mabuɗi yana aljihun wanda ya tafi kwas.

Akwai masu cewa manomi ya fi tauraro sanin gonarsa. Gaskiyarsu, har ma sun rage. A watan Agusta, lokacin da aka fi bukatar hoto, gajimare ya kan rufe ƙasa, sai a nemi wani irin tauraron, Sentinel-1, wanda ke aiko da igiyar rediyo ƙasa ya saurari komowarta, kamar yadda jemage ke gane hanya cikin duhu. Shi yana ganin ruwa ko da dare, amma karatunsa sai gwani. Sa'an nan gonar Bahaushe ba irin ta Bature ba ce mai shuka ɗaya. Gero da dawa da wake da riɗi duk a wuri guda, na'ura ta kan ruɗe. Ba ta rarrabe ɗorawa da darbejiya sosai, alhali kuwa ɗaya kalwa ce, ɗaya inuwa. Gawo ma ya kan yaudare ta, tun da shi da damina ya ke zubar da ganye, da rani ya yi kore. Saboda haka dole mutum ya taka da ƙafa ya duba, ya tambayi mai wurin. Wannan kuwa ba hujjar hana manomi hoto ba ce. Hujja ce ta cewa masanin da ke Abuja ba zai karanta hoton daidai ba sai da shi.

Ga kuma abin tsoro, wanda ba a cika faɗa ba. Daga sama, saurar da aka bari ta huta, da makiyaya, da dajin da mata ke samun itace da kaɗe, duk kamar filin banza su ke. Mai kuɗin da ke neman eka dubu yana da intanet, yana da wanda zai karanta masa hoto. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun Gwamna, kuma takarda ta fi bakin talaka ƙarfi a ofis. In mai nema ya zo da taswira mai launi yana cewa ba kowa a wurin, mutanen ƙauye kuwa ba su da ko ɗaya, an san wanda za a saurara. Amma in dagaci yana da hotunan shekara 20 masu nuna an noma wurin, an bar shi, an kuma komo, ko ga sawun garke yana bi ta nan kowace kaka, to, magana ta zama tsakanin takarda da takarda. Hoton nan an riga an ɗauka, ba mai iya mai da shi. Abin da ya rage shi ne ko ɓangare ɗaya zai riƙe shi ko duka biyu.

Lokacin wannan aiki rani ne, sa'ad da sama ta ke garau, manoma kuma suna da sukunin zama. Ƙungiyoyin manoma da na makiyaya na ƙananan hukumomin biyu su kai maganar gaban hakimai da shugabannin hukuma tun yanzu, kada a jira sai kogi ya kawo. Su roƙi taswira uku tak don farawa: ta inda ruwa ya kwanta a 2022, ta burtalai da makiyaya yadda su ke a da da yadda su ke yau, da ta dazuzzuka. In an kawo, a tara dattawan Basirka da Fagam da Sundimina da Wurno su duba, su nuna inda na'ura ta yi kuskure, a gyara, sa'an nan a manna kafin ruwan shuka.