Kasafin Kuɗi Amana Ne, Ba Filin Dambe Ba



A watan Maris na 2024, Sanata Abdul Ningi ya shaida wa Sashen Hausa na BBC cewa a kasafin kuɗin tarayya na naira tiriliyan 28.7 akwai kimanin tiriliyan 3.7 da ba a ga ayyukan da aka ware wa su ba. Fadar shugaban ƙasa ta musanta, Majalisar Dattawa kuma ta dakatar da shi na wata uku.

A makon nan, bayan Magariba, matasan masallacinmu a nan GRA ba su da zance sai wa ya kayar da wa. Haka kafafen labarai suka kawo mana shi, kamar dambe. Babu wanda ya buɗe kundin kasafin, har da ni mai wannan rubutu, astagfirullah.

Ya ɗan'uwa, Suratul Hujurat ta umurce mu da tantance labari kafin mu yi hukunci. Tantance labarin kasafi kuwa shi ne karanta shi, ga shi Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya yana sanya shi a intanet.

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru, har da Katsina. To, nawa aka rubuta wa makarantun firamare na Batsari da Jibiya? Nawa aka saki a zahiri? Rubutawa daban, sakewa daban, kuma ta biyun ce ba kasafai ake tambaya a rediyo ba.

Wallahu a'alam.