"Ƙaddara ce" ba ta biyan kuɗin asibiti

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da mu 'yan Arewa masu karatu a nan Legas muka mayar abin ado, kuma ni dai ba ta burge ni. Mota ta kaɗe ɗalibi a bakin get, tun jini bai bushe ba manya sun taru, direba ya durƙusa, ya miƙo dubu 20, an ce "ƙaddara ce, mun yafe." Wa ya yafe? Wanda ke kwance da karyayyar ƙafa an tambaye shi?

A zangon da ya wuce wata ƙanwarmu 'yar aji biyu ta rasa jarabawa gaba ɗaya saboda ɗan acaɓa ya biyo hannun da ba nasa ba ya kwashe ta. Abin da aka karɓa ko kuɗin hoton ƙashi bai kai ba. Mu muka riƙa yawo da takarda ana haɗa gudummawa.

Mu daina ɗora wa ƙaddara abin da muka san sanadinsa. Gudu ne na farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar wanda mota ta buge yana ninkuwa sau huɗu da rabi idan gudun ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a awa. Sai danfo da ke lodi a tsakiyar titi ta tare maka gani, da direba mai latsa waya, da fitilun hanya da suka mutu, da gefen titi da 'yan kasuwa suka cinye har sai ka sauko kan kwalta. Mu ma muna da namu: ga gadar tsallakawa a sama, amma mutum ya toshe kunne da waƙa ya ratsa babban titi don ya makara lakca. Wannan ganganci ne, kuma kotu tana iya rage maka diyya saboda shi.

Masu cewa neman diyya rashin tawakkali ne, don Allah ku koma aya ta 92 a Suratun Nisa'i. Diyya aka shar'anta a kisan kuskure, kuma raunuka ma suna da nasu hukunci a fiƙihu. Yafiya alheri ce, amma mai haƙƙi ne ke yin ta, da hankalinsa, ba shugaban ƙungiya mai son a ce yana da dattako ba.

Abin takaicin ma, sau da yawa kuɗin ba daga aljihun direba za su fito ba. Tun 1945 doka ta wajabta wa masu mota inshorar da ke biyan wanda suka ji wa rauni ko suka kashe. Daga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida. Wato idan takardar ta gaskiya ce, kamfanin inshora kuka yafe wa, ba talakan direba ba.

To idan abin ya faru, asibiti ne farko. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba mai buƙatar agajin gaggawa. A kira jami'an kiyaye haɗurra a 122. Wani ya ɗauki hoton lambar motar, da wurin, da takardar inshora, ya karɓi lambar shaidu biyu kafin su watse. A kai rahoto ofishin 'yan sanda. A ajiye rahoton likita da kowane rasit, har na kuɗin mota zuwa asibiti. Idan kuka zarce wurin mai ɗori ba takarda ko ɗaya, da me za ku kafa hujja? Kuma kada wanda ke kan gado ya sa hannu a takardar sulhu kafin a san iyakar raunin.

Lokaci ma ba ya jira. A Legas shekara uku ce wa'adin shigar da ƙarar rauni, idan kuwa jami'in gwamnati ne a bakin aiki, wa'adin na iya zama wata uku kacal. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Legal Aid Council, ko ya leƙa tsangayar shari'a ya nemi shawara.

Na san abin da ake faɗa a ɓoye: mu baƙi ne a nan, kada a jawo rigimar ƙabilanci. Haba! Rahoton 'yan sanda ba faɗa ba ne. Abin da ke jawo rigima shi ne taron da ke dukan direba ko ƙona mota, kuma shi ma ban goyi bayansa ba ko kaɗan.

Shugabannin ƙungiyoyinmu na ɗalibai, kuna da kwamitin walima, kuna da na ƙwallo. Ku kafa na mutum uku da suka san waɗannan matakai, ku rubuta wa hukuma a sa mana tudun rage gudu da fitila a bakin get. Allah Ya tsare mu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.